Babban Kulob Ya Ba Ɗana Gurbi, Gida Ya Rabu Biyu

Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara 13, ɗan wasan tsakiya ne, duk wanda ya gan shi da ƙwallo sai ya tambayi ɗan wane ne. Jikinsa ƙarami ne, sa'o'insa duk sun fi shi tsayi. Shekara biyar ke nan yana hannun wani koci da ke tara yara a wani fili kusa da mu, bawan Allah da bai taɓa karɓar ko sisi a hannuna ba. Watan jiya, a wata gasar yara, mai farautar 'yan wasa na ɗaya daga cikin manyan kulob-kulob ɗin ƙasarmu ya gan shi. Suka kira shi gwaji na mako biyu, ya ci, yanzu sun ba shi gurbi a makarantarsu ta horar da yara. Ta kwana ce, tafiyar yini guda daga gida. Sun ba ni takarda, sun ce in sa hannu cikin mako uku.

Kusa da mu kuma akwai wani kulob na rukuni na biyu, su ma suna da makarantar yara, sun daɗe suna son sa. In can ne, zai riƙa kwana a gida ya ci gaba da karatunsa. Amma filinsu bai kama ƙafar na wancan ba.

Mahaifiyarsa ta ce ko kusa, ba za ta ba da ɗanta ba. Ƙanena ya ce in na bar damar nan ta wuce na cuci yaron, har ya kawo wani mutum da ya ce in muka haɗa kuɗi zai fitar da shi Turai kai tsaye. Shi kuwa yaron, tun da ya dawo ba shi da zance sai na rigar kulob ɗin. Ni ma na buga ƙwallo da ƙuruciya, mahaifina ya hana ni, har yau abin yana min ciwo. Ba na so in yi wa ɗana abin da aka yi min, ba na kuma so in jefa shi inda zan yi da-na-sani. Ta yaya ake gane makarantar ƙwallo ta ƙwarai?

Uba Cikin Ruɗani

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaron nan, ya sa ƙafarsa ta zame masa alheri. Sau biyu na karanta wasiƙarka, a na biyun ne na lura yara biyu ne a cikinta. Akwai ɗanka mai shekara 13, akwai kuma kai kanka a wancan lokacin, kana tsaye da takalmi a hannu ana ce maka ba inda za ka. Ba laifi ba ne tsohon mikin ya motsa yanzu. Roƙona dai, cikin makonni ukun nan, duk sanda ka ji zuciyarka ta karkata gefe guda, ka tambayi kanka wanne daga cikin yaran biyu ke magana. Sunan ɗaya ne kawai a takardar da ke hannunka.

Bari mu fara sallamar mutumin da ƙanenka ya kawo, don shi ne mafi sauƙi a lamarin. Sashe na 19 na dokokin FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, kan sauya sheƙar 'yan wasa ya hana a ɗauki yaron da bai cika 18 ba zuwa kulob ɗin wata ƙasa. Togaciyar da ke ciki kaɗan ce: kamar iyaye su yi ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba, ko yaro ɗan 16 zuwa 18 da zai sauya tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai, ko wanda gidansu da kulob ɗin duk ba su wuce kilomita 50 daga kan iyaka ba. Dokar kuma tana cizo. A 2014 FIFA ta hukunta Barcelona a kanta, ta hana ta sayen 'yan wasa har kasuwa biyu. Real Madrid da Atletico Madrid sun sha tasu a 2016, Chelsea a 2019. To in Barcelona da tarin lauyoyinta ba ta tsallake ba, wane ne shi da zai bi da ɗan shekara 13 ta ɓarauniyar hanya? Abin da irinsu ke sayarwa bizar yawon buɗe ido ce da alƙawarin gwajin da babu shi, yaro ya ƙare a ɗakin otal a ƙasar da ba ya jin yarenta, lambar mutumin kuma ta daina shiga. Ka duba yadda waɗanda suka fita ta ƙofar gaba suka fita. Sadio Mané ya tashi daga makarantar ƙwallo ta Génération Foot da ke Senegal zuwa Metz ta Faransa a 2011, bayan ya cika 18, ta hanyar yarjejeniyar da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Mohammed Kudus ya yi shekaru a makarantar Right to Dream ta Ghana, ya fara buga wa Nordsjælland ta Denmark a 2018, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18. Kulob ɗin da ke son yaro da gaske shi ke kashe kuɗi a kansa. Kada ka yi faɗa da ƙanenka, ƙauna ce ta sa shi. Ka ce masa kawai mutumin ya kawo lasisinsa na FIFA da takardar gayyata wadda za ku iya kiran kulob ɗin ku tabbatar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, da wuya ku sake ganinsa.

Yanzu ga ainihin maganar. Makarantar ƙwallo ta kulob jari ce, kuma ba aibu ba ne a faɗi haka. Kulob yana tara yara da yawa ne don ya samu ɗaya ko biyu da za su shiga babbar ƙungiya ko a sayar da su. Dokokin FIFA ma sun tanadi diyyar horarwa ga kulob-kulob ɗin da suka raini ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 21, da kuma kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikinsa, da ake raba wa waɗanda suka riƙe shi tsakanin 12 da 23 idan aka sayar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa. Wato kowa a teburin nan yana da lissafinsa, kai ma ka zo da naka. A Ingila, inda kuɗi da filaye da kociyoyi suka yi yawa, marubucin wasanni Michael Calvin ya kawo wani lissafi a 2017: cikin yara miliyan 1.5 da ke buga ƙwallo a ƙarƙashin tsari a ƙasar, 180 ne kacal za su kai ga zama 'yan wasan gasar Firimiya. Ban kawo wannan don in kashe maka gwiwa ba. Na kawo shi ne don ka san tambayar da za ka shiga ofishinsu da ita. A bango za ka ga hoton ƙungiyar yara ta wata shekara, wasu a tsaye wasu a durƙushe, za a nuna maka fuska guda a ce ga wane, yanzu yana kaza. Ka yaba, sannan ka ɗora yatsa kan yaron da ke gefensa ka ce: wannan fa, yana ina yanzu? Makarantar da ta san amsa, ta san sunan yaron da inda yake da abin da yake yi, ta ci rabin jarrabawa.

Suna kawai ba ya isa shaida. Kowa ya san La Masia, makarantar yara ta Barcelona, wadda ta fara saukar da yara a 1979, kuma a 2010 mutum ukun da suka kai matakin ƙarshe na Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan wasan duniya, Messi da Iniesta da Xavi, duk yaranta ne. Amma abin da ya sa ta yi fice tsari ne na koyarwa guda ɗaya tun daga ƙananan yara har babbar ƙungiya, da kociyoyin babbar ƙungiya da suka yarda su saka yaran gida a fili. Babban kulob na iya samun suna da magoya baya da filin da ke sheƙi, makarantarsa kuma ta zama holoƙo, hadarin kaka. Jamus ta gane haka bayan an koro ta tun daga matakin rukuni a gasar Turai ta 2000. Daga 2001 aka wajabta wa kulob-kulob ɗin Bundesliga buɗe makarantar yara mai cika sharuɗɗa kafin a ba su lasisi, a 2014 kuma suka ɗauki Kofin Duniya da yaran da suka taso cikin wannan tsarin. Ingila ta bi da nata a 2012, ta raba makarantun zuwa mataki huɗu, masu bincike na zuwa su duba yawan kociyoyi, awannin horo, karatu da kula da lafiya. Darasin da ke ciki gare ka shi ne inganci abu ne da ake rubutawa a auna. Ka tambayi makarantun biyu: hukumar ƙwallon ƙasa ta yi musu rajista? Wane ne ya taɓa zuwa ya duba su, yaushe? Kocin da zai riƙe 'yan shekara 13 wane lasisi gare shi, kuma shekara nawa ya yi da yara? Tsohon ɗan wasa mai suna ba lallai ya iya koyar da yaro ba, kamar yadda ba duk mai kyawun rubutu ne ke iya riƙe aji ba.

Amma gani ya kori ji. Ka je da ƙafarka, kuma kada ka je ranar wasa ko ranar da aka shirya wa iyaye. Ka je a tsakiyar mako, ranar atisaye da ba kowa a bakin fili. Na taɓa tsayawa a irin wannan rana a wata makaranta mai ciyawa kamar darduma. Yara ashirin da huɗu sun yi layi ɗaya, ƙwallo ɗaya a gaba, kowa ya jira nasa ya zo ya buga sau ɗaya ya koma baya. Na zaɓi yaro guda na bi shi da ido na minti goma, sau huɗu ya taɓa ƙwallo. Koci na gefe da waya a kunne. Da wani ɗan ƙarami ya gwada yanke mai tsaron baya aka ƙwace, sai aka daka masa tsawa aka ce ya zagaya fili sau uku. Bai sake gwadawa ba har aka tashi, duk ƙwallon da ta zo masa sai ya tura ta baya da sauri kamar garwashi. Kai ma ka yi haka: ka zaɓi yaro ɗaya ka ƙirga. A inda ake koyarwa da gaske za ka ga an kasa yara gida-gida, huɗu da huɗu, biyar da biyar, ƙwallaye sun wadata, ba wanda ya tsaya yana kallon sama. Za ka ji koci yana kiran yara da sunayensu, yana tsayar da wasa ya tambayi yaro me ya gani kafin ya ba da ƙwallon, ya bar shi ya amsa da kansa. Abin da ya fi komai, ka dubi fuskar yaro a daƙiƙar da ya yi kuskure. In idonsa ya tafi kan koci cikin tsoro, ka ga abin da ka zo gani. In ya juya ya bi ƙwallon, shi ma ka gani. Ka yi wannan a makarantun biyu, da ido ɗaya, kada kyan fili ya saye ka kuma kada ƙurar ɗayan ta kore ka.

Ka ce jikinsa ƙarami ne, kuma wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda kake zato. Tsakanin shekara 12 da 15 yara ba sa girma tare. Wani ya riga ya fara gemu, sa'ansa ko murya bai sauya ba. Makarantar da ke auna kanta da kofunan yara za ta cika fili da manya-manyan jiki don su ne ke cin wasa yau, ƙarami mai basira kuma ya ɗumama benci. An daɗe da lura cewa a ƙungiyoyin yara, waɗanda aka haifa a farkon shekarar rajista sun fi yawa, saboda 'yan watannin da suka ba sauran suna bayyana a jiki. Wasu makarantun yanzu sukan haɗa yara wasa bisa matakin girman jikinsu maimakon shekarun haihuwa, don ƙarami ya samu sarari, babba kuma ya koyi dogaro da basira. Kurakuran manyan kulob a nan ba ɓoyayyu ba ne. Celtic ta sallami Andy Robertson yana ɗan 15 a kan ya yi ƙanƙanta, ya koma Queen's Park, ƙarshe ya ɗauki kofin Zakarun Turai da Liverpool a 2019. Chelsea ta sallami Declan Rice yana ɗan 14, West Ham ta ɗauke shi, a 2023 Arsenal ta saye shi kan fam miliyan 100 da ɗoriya. Don haka ka tambaye su kai tsaye: yaro kamar nawa, minti nawa zai buga a mako? Me kuke yi da wanda girmansa ya yi jinkiri? Ka dubi bencinsu ranar wasa, in duk ƙananan ne a zaune, ka samu amsa. Sannan in wani ya raɗa maka a gyara takardar haihuwa a rage masa shekara biyu, ka tashi daga wurin. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance shekaru a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, kuma tabon irin wannan ƙarya yakan bi yaro har ya rataye takalmi.

Akwai tambaya guda da ba ta buƙatar dogon bayani. Cikin kaka uku da suka wuce, yara nawa daga makarantar suka buga wa babbar ƙungiya wasan gasa? Ka ce a ba ka sunaye. Babban kulob da ke neman kofi kowace shekara yakan sayo ɗan wasa da ya riga ya nuna, don kocinsa ba shi da haƙurin jiran yaro. Kulob na rukuni na biyu da aljihunsa bai kai ba, dole ya saka na gida. Ɗan shekara 17 da ke buga wasan manya kowane mako yakan wuce sa'ansa da ke sanye da riga mai suna a benci. N'Golo Kanté bai shiga wata shahararriyar makaranta ba, yana ƙaramin kulob ɗin Suresnes har ya kai 19, kuma a 2018 ya ɗauki Kofin Duniya da Faransa.

Yanzu mu zo ga mahaifiyarsa, don a nan nake so ka fi daɗewa. Kada ka ɗauki "ko kusa" ɗinta a matsayin taurin kai. Ita ce ta san yadda yake idan zazzaɓi ya kama shi cikin dare, ta san ba ya faɗin abin da ke damunsa sai an lallaɓa. Abin da take tsoro na nan da gaske. Iniesta ya shiga La Masia yana ɗan 12, shi da kansa ya sha ba da labarin irin kukan da ya yi na kewar gida, kuma wannan a ɗaya daga cikin makarantu mafi tsari a duniya ke nan. Akwai abin da ya fi kewa muni. A 2016 tsofaffin 'yan wasa a Ingila suka fara fitowa suna bayyana cin zarafin da wasu kociyoyi suka yi musu suna yara, binciken da aka fitar a 2021 kuma ya nuna hukuma da wasu kulob-kulob sun yi sakaci na tsawon shekaru. Yaron da burinsa gaba ɗaya ke hannun mutum ɗaya ba ya iya buɗe baki cikin sauƙi. Saboda haka ku tafi tare da ita, ita ta shiga ɗakin kwanan, idonta zai ga abin da naka ba zai gani ba. Wa ke kwana da yaran? 'Yan 13 da 'yan 17 ɗaki ɗaya suke? In yaro na da ƙorafi, akwai wanda zai kai wa da ba kocinsa ba? Zai iya kiran gida duk sanda ya so, ku kuma za ku iya zuwa ba tare da neman izini na mako biyu ba? Makarantar da ta ɓata rai don an yi mata waɗannan tambayoyi ta riga ta amsa su. Ku tambayi batun rauni ma. Ɗanka na bakin shekarun da jiki ke miƙewa da sauri, lokacin da ciwon ƙasan gwiwa da na diddige ke yawa ga yara masu yawan gudu, kuma maganinsu rage nauyin atisaye ne, ba a ce yaro ya daure ba. Akwai likita ko mai gashin ƙashi da ke zuwa kullum? In ya karye, wa zai biya, kuma gurbinsa na nan har ya warke? A rubuce kake son amsar wannan.

Karatu kuma kada a ba ka shi a baki. Kowace makaranta za ta ce yaranta na zuwa aji. Ka ce a nuna maka jadawalin mako, ka ga ƙarfe nawa ake shiga aji ƙarfe nawa ake fita, ka ga sakamakon jarrabawar waɗanda suka gama bara. Ana iya haɗa biyun, an kuma yi. Diambars ta Senegal, wadda Patrick Vieira na cikin waɗanda suka kafa ta a 2003, ta gina sunanta kan haɗa aji da fili, daga can Idrissa Gueye ya fito. Right to Dream, da Tom Vernon ya kafa a 1999, tana tura wasu yaranta makarantu da jami'o'in Amurka da tallafin karatu. In wasu sun iya, uzurin wanda bai iya ba ya ragu.

Sai ranar da ba wanda ke son ambata, ranar sallama. Mafi yawan yaran da suka shiga kowace makaranta za a sallame su wata rana, ko da 14 ko da 16 ko da 18. Yaron da ya bar gida, ya bar abokai, kowa ya san shi da "ɗan kulob kaza", ya dawo da jaka a hannu, wannan faɗuwar tana da zafi, wasu ba sa tashi daga ita da wuri. Ka tambaya yadda suke yi: ana gaya wa yaro da iyaye tun da wuri, ko sai ya duba allo ya ga babu sunansa? Suna nema masa wani kulob? Suna barinsa ya ƙarasa shekarar karatu? A 2022 Crystal Palace ta sanar da shirin bibiyar matasan da ta sallama har tsawon shekara uku, abin da ke nuna su kansu kulob-kulob ɗin sun san akwai rami a nan. Hanya mafi inganci ta sanin gaskiya ba ta ofis ba ce. Ka nemi iyayen yara biyu ko uku da makarantar ta sallama, ka zauna da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In uban yaron da aka sallama ya ce maka duk da haka bai yi nadama ba, wannan shaidar ta fi duk hotunan bango.

Takardar kuwa, kada wa'adin mako uku ya firgita ka. Wanda ya ga basira a yaro ba zai fasa don uba ya nemi ƙarin mako biyu ba, in kuma ya fasa, ka gode wa Allah da ka gane shi tun yanzu. Ka kai wa lauya ya karanta maka layi-layi. Ka san tsawon shekarun da ta ɗaure shi, ka san ko za ka iya janye shi in abu ya ɓaci da abin da za a nema a hannunka in ka yi haka. Ka lura ko an cusa sunan wani wakili ko wani kaso na cinikinsa na gaba a ciki. Ko kwantiragin ƙwararru ma, dokar FIFA ba ta yarda ya wuce shekara uku ga wanda bai cika 18 ba, balle takardar ɗan 13. Ka tabbatar an yi masa rajista a hukumar ƙwallo da sunansa da shekarunsa na gaskiya. Kuma kafin duk wannan, ka je wurin kocin nan da ya riƙe shi shekara biyar ba ko sisi. Ya cancanci ya ji daga bakinka, ba a gari ba. Shi ya fi kowa sanin ko yaron yana tashi bayan an kayar da shi ko yana noƙewa, kuma mai yiwuwa ya san labarin makarantun biyu fiye da yadda za su faɗa maka. Ka dai saurare shi da sanin cewa shi ma rabuwa da yaron za ta yi masa zafi.

Yaron kansa fa? Rigar yake gani, kuma ɗan 13 ba a ce masa don me. Kada ka yi masa wa'azin lissafi. Ka fita da shi ku biyu, ka tambaye shi makonni biyun gwajin: wane dare ne ya fi masa tsawo, wa ya yi masa kirki, akwai abin da ya gani bai so ba? Ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Ka gaya masa labarinka da mahaifinka ma, don ya san ba ƙin ƙwallo ke sa ka jinkiri ba. Ra'ayinsa na da nauyi, amma hukuncin naku ne kai da mahaifiyarsa, kuma ya kamata ya ji shi daga bakinku tare. In ka sa hannu ba da yardarta ba, duk ranar da yaron ya kira yana kuka, gidanka ne zai biya.

Tunda ka tambaye ni, ga inda na karkata. Ɗan shekara 13, ƙaramin jiki, ga makarantar kulob a kusa da zai iya zuwa ya dawo ya kwana a gida: ni zan bar shi nan zuwa 15 ko 16, matuƙar ka je ka ga ana koyarwa da gaske kuma zai riƙa buga wasa. Shekara biyu ko ukun nan ba asara ba ce, jikinsa zai cika, karatunsa zai yi nisa, zai kuma tafi da wayon da zai iya cewa a'a. Ka koma wa babban kulob ɗin da magana mai daɗi, ka ce kuna so amma ba yanzu ba, ko za su yarda ya riƙa zuwa musu lokacin hutun makaranta, su ci gaba da bibiyarsa, a sake zama bayan shekara. Kulob-kulob da dama na yin haka da yaran da ke nesa. In kuwa kun je kun ga na kusan wasa ne kawai ake yi, wancan kuma ya amsa tambayoyin nan ba tare da kame-kame ba, mahaifiyarsa ta ga ɗakin kwana hankalinta ya kwanta, to ku gwada shekara guda da sharaɗi a rubuce: ziyara duk wata, sakamakon aji duk zango, da damar dawo da shi ba tare da tara ba. Ku gaya masa tun kafin ya tafi cewa in ya dawo, gida ya dawo, ba wanda zai kalle shi a matsayin wanda ya kasa.

A makon nan dai abu biyu nake so ka yi. Ka kira su ka nemi ƙarin lokaci da izinin zuwa kallon atisaye a ranar da kai ka zaɓa. Sannan da daddare, bayan yara sun kwanta, ka miƙa wa uwargida takardar nan ku karanta tare, ka ce mata ta faɗi duk tambayar da take so a yi musu, kai kana rubutawa. In kun dawo daga ziyarar, ka sake rubuto min abin da kuka gani, musamman sau nawa yaron da ka bi da ido ya taɓa ƙwallo.